Rasuwar Ƙaramin Dogo, Kiren Ɗin Baban Sama

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma ƙyanƙyamin da har yau bai bar shi ya ci abinci da daɗi ba, tsohon direban kiren da ma'aikatan gini ke kira Baban Sama yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Ƙaramin Dogo, wadda ta faru ranar Talata da hantsi, a bayan gida.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne ɗan ƙaramin kiren da ke tsaye a kan teburin falon Baba, tsayinsa bai wuce kamu biyu ba. Baba ya ƙera shi da hannunsa, a kamannin Dogo, babban kiren, wato injin ɗaga kayan da ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙawa a saman gine-gine, kafin likita ya ce jiri da rawar hannu ba sa hawa tsani. Shekara uku ya yi yana haɗa shi da ƙarafan tsohuwar laima da zaren kamun kifi da kayan cikin agogon bango. Nauyin da ke riƙe masa baya siminti ne na gaske, an zuba shi a kwalin ashana. Tun da aka sauko da Baba ƙasa, shi ne kaɗai kiren da ya rage masa ya tuƙa, kuma hannun da ya ƙera shi yanzu ko allura ba ya iya zura wa zare.

Marigayin mai tsafta ne, mai sanin iyakar ƙarfinsa. Kullum da safe yakan juya wuyansa a hankali, ƙiii, ƙiii, ya ɗauko ƙwayar maganin hawan jinin Baba daga kan faranti, ya tsallake rediyo da ita, ya ajiye ta gefen kofi, taf. Bai taɓa yar da kaya ba. Bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokalin shayi nauyi ba, domin a wurin Baba mai ɗora wa kiren fiye da kima ba direba ba ne, mai kisan kai ne da bai samu dama ba tukuna.

Ciwon ajalin ya zo ne da ƙafarsa, sanye da tabarau. Surukin Baba, mijin 'yarsa ta fari, ya zo gaisuwa tare da matarsa, ya shiga bayan gida, ya fito yana lalube aljihu yana cewa makullan motarsa sun faɗa masai. Baba yana wurin aski. A gidan akwai waya, akwai sanda, akwai tsohon maratayin kaya. Duk bawan Allahn nan ya tsallake su, idonsa ya sauka a kan abin da ke da ƙugiya. Ya cire marigayin daga gindinsa, ya riƙe shi ta ƙafa, ya dulmiya wuyansa cikin ramin, yana dama shi kamar mai neman nama a tukunya. Abin da ƙugiyar ta kamo ba makulli ba ne. Tsumma ne da ya shekara a ciki, tare da curin gashi da sauran abin da ladabi ya hana a rubuta. Ya fizga da ƙarfi. Marigayin ya yi ƙara ɗaya, ƙas, wuyan ya karye gida biyu.

Makullan dai suna jikin ƙofar motar, inda ya bar su.

Da Baba ya dawo, ya tarar da gawar a jingine da bokiti, ƙudaje sun riga shi zuwa ta'aziyya. Surukin ya yi murmushi ya ce, "Ai abin wasa ne, Baba, zan sayo maka na roba." Baba ya dubi 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa idonta cike da hawaye, ya ce, "Ba komai." Wannan ƙaryar ta fi warin tayar masa da zuciya.

An yi iya ƙoƙari. An wanke shi da sabulu sau huɗu, gam ya saki, warin bai saki ba.

Ya rasu ya bar Baba, da teburin da shatin gindinsa ke kai, da ragowar zare rabin ƙwarya, da wansa Dogo, wanda ke can yana aiki a sabon gini a hannun wani direban.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a wurin ginin. An roƙi direban, ya kuma amince, ya sa Dogo ya ɗaga akwatin takalmin da marigayin ke ciki har ƙololuwa sau ɗaya, kafin ya sauke shi a motar kwasar ɓaraguzai. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya ce wa Baba ya ƙera wani, kada kuma a zo da na roba. Mai son ganin Baba zai same shi a waje, tsallaken titi, bayan shingen kwano. Sabon mai gadi bai san shi ba, ya ce ba a barin wanda ba ma'aikaci ba ya shiga.