Allon Sunan Manajan Gobe

Allah ya jiƙan Manajan Gobe. Kamfanin bai taɓa samun manaja irinsa ba, kuma ba zai samu ba, don shi ma bai taɓa zama manajan ba.

Akawu ne a ɗakin fayil, shekara goma sha tara. Tun a shekararsa ta biyu ya sa aka sassaƙa masa allon suna, ya ɓoye a aljihun tebur. Kafin a sassaƙa, sai da ya yi wata uku yana bin malaman Turanci da tambaya: me Bature ke kiran wanda bai hau kujera ba tukuna, amma kujerar ta san da zuwansa?

"Akwai mai fata, akwai mai nema, akwai mai jira," yakan gaya wa duk wanda tsautsayi ya kawo neman fayil. "Kowanne da kalmarsa. Turanci ba wasan yara ba ne."

Kullum da hantsi yakan goge allon da hannun riga, ya gwada sa hannu sau ashirin. A gida ma matarsa sai ta ƙwanƙwasa kafin ta shiga ɗakinta.

Ana nan sai manaja ya yi ritaya. Wasiƙa ta sauko daga sama: an ba akawu riƙon kujerar, ya sa hannu ya mayar kafin ƙarshen mako. Ya karanta, ya yamutsa fuska, ya zaro jan biro. Kalmar da aka kira shi da ita ba ta yi masa ba.

Amininsa mai buga takardu ya riƙe masa hannu. "Don Allah, mutumina, ka sa hannu. In ka hau ka gyara."

"Manaja ba ya sa hannu a kan kuskure."

Ya ja layi, ya gyara, ya rubuta a ƙasa: shida cikin goma, a ƙara ƙoƙari. Ashe babban darakta ne ya rubuta wasiƙar da kansa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ranar Litinin mai kula da sito ya hau kujerar.

Bara ya rasu, yana jira. Allon kuwa ya shiga ofishin manaja daga ƙarshe, don teburin yana girgiɗi, kaurin allon ya yi daidai da ƙafar da ta gaza, aka cusa shi a ƙarƙashinta. Amininsa in ya kai takarda yakan durƙusa ya goge shi da hannun riga. Sabon manaja ya ɗauka gaisuwa ce, har yana cewa, "Tashi, tashi, ya isa."