Za A Gyara Muku Wurin

Yau da safe na je lambun gari da igiyar awo don in auna inda za a shimfiɗa tabarmin bikin yayata, sai na tarar ana loda inuwar wurin a bayan tifa. Ban taɓa rubutu a jarida ba, don haka idan na yi tuntuɓe mai karatu ya yi mini uzuri. A gida an ce in rufe bakina tunda ni na jawo, shi ya sa na kawo ƙarata nan.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, ranar Asabar za ta yi aure. Ta ce bikinta ba leda, ba janareta, ba gorar roba da za ta ƙare a kwata. A ƙarƙashin mangwaro bakwai na lambun gari take so a zauna, kowane baƙo ya koma gida da dashen bishiya ɗaya maimakon bokitin roba mai hoton amarya. Baba ne ya dasa bishiyoyin nan da hannunsa lokacin yana aikin lambun, tun ba a haife mu ba. Gwaggo ta ce wannan ba biki ba ne, taron manoma ne. Angon kuwa ya ce duk inda aka ajiye shi zai zauna.

Da aka zo batun takardar izini, sai aka ce ni zan je ofis, wai ni ce uwar littattafai. Na je. Akawu ya miƙo mini fom, layi na huɗu yana tambayar girman janareta. Na rubuta babu.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙanwata, biki ne ko zaman makoki?"

"Biki ne, yallaɓai. Na kare muhalli."

"Fom ɗin nan ba shi da gurbin babu. Rubuta ƙarami."

Na rubuta ƙarami, Allah ya yafe mini.

Kalmar muhalli ce ta kai ni sama, gaban shugaban ofishin, Mai Girma Garkuwan Ganye, Uban Inuwa, Allah ya ƙara masa sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ke aiki a kansa, ga furen roba a kusurwa yana sheƙi, alamar mutumin da ya riƙe tsirrai da amana. Ya ji bayanina ya buga tebur don murna. Ya ce irin wannan biki yake ta kira a yi a kowane taro, kuma shi da kansa zai zo da 'yan jarida. Sannan ya ce, "Je ki gaya wa amarya, za a gyara muku wurin."

Sau uku na yi godiya. A duk littattafan da na karanta, gyara na nufin a mai da abin da ya lalace daidai. Na dawo gida na ce an ba mu izini, na manta ban ambaci kalmar gyaran ba.

To ga abin da na gani yau. Mangwaro shida an datse musu kowane reshe, an bar kututture tsaye kamar turakun waya, an shafe su da farin fenti har ƙugu. Sun yi tsaf, wannan kam ba zan ci hakkin kowa ba. Shugaban leburori ya yi mini bayani cikin ladabi: rumfar Mai Girma na buƙatar fili, motocin rakiyarsa goma sha biyu ne, kuma ganye yana ɓata hoto. Ya ce kar in damu, za a kawo ciyawar roba koriya shar a shimfiɗa, sannan Mai Girma zai dasa bishiya guda a gaban kyamara.

Na kira gida. Baba ya iso da sandarsa, Yaya na biye da shi da kayan aiki a jikinta. Ya bi kututturan ɗaya bayan ɗaya yana dafa su, fenti na kama masa tafin hannu. Sai ya juyo gare ni.

"Auta, me mutumin ya ce miki daidai?"

"Cewa ya yi za a gyara, Baba."

"Kika ce me?"

"Na ce na gode."

Ya jinjina kai. "Shekara talatin na yi a wurin nan. In an ce a share, tsintsiya za a kawo. In an ce a gyara, zarto ne. Ba a rubuta muku wannan a littafi ba?"

Ba a rubuta ba. Na duba.

Amma bishiya ta bakwai, babbar cikinsu, tana nan da ganyenta. Yaya ta tambayi shugaban leburori ko tausayi ne ya kama su. Ya ce a'a, man injin zarton ne ya ƙare, mai yankan ya tafi gidan mai da jarka tun jiya, da ya dawo za su ƙarasa.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta karɓi igiyar awo daga hannuna ta auna inuwar da ta rage, ta ce za ta ɗauki mutum arba'in in an matsu, ƙawayen Gwaggo kuma sai su yi wa Mai Girma kara a rumfarsa. Baba ya sa aka kawo masa kujera ya kafa a gindin bishiyar, ya ce duk mai son gyara ya fara da shi.

Ni kuma na kira maƙwabcinmu direban tasi, wanda ya kwana biyu a layin mai.

"Kawu, ka ga wani mai jarka da rigar leburori?"

"Mai jar jarka? Ga shi can ƙarshen layin masu jarka, yana gyangyaɗi."

"Layin yana tafiya?"

"'Yar Baba, tun asuba taku uku muka yi, biyu daga ciki da baya ne. Ki kwantar da hankalinki. Duk wanda ya zo neman alfarma, gaban mai jar jarkar nake nuna masa ya shiga."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don kwana huɗu ne tsakaninmu da Asabar, kuma jarka ɗaya ta isa. Muna cikin wannan zullumi sai rediyon leburori ya kawo muryar wani babba, Madugun Alkawura, yana rantsuwa cewa kafin Juma'a mai zai wadata a kowane lungu. Yaya ta saurara har ya gama, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce tunda shi ne ya rantse inuwarmu ta tsira, ta ɗauki waya ta ce wa tela ya ci gaba da ɗinki.