Ranar da Na Bayyana a Tafkin Surukina

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da na tara mutane a bakin tafkin surukina a Burumburum don in nuna musu abin da ke ƙarƙashin ruwa, na ƙare da nuna musu abin da ke cikin zuciyata.

Ni mai gyaran waya ne, ina da ɗan shago a Tudun Wada. Duk mai irin sana'ata ya san akwai lokacin da kasuwa ke yin sanyi, mutum ya zauna ba abin yi sai kallon bidiyo. A irin wannan zaman na ci karo da Turawan ƙasashen sanyi, inda ruwan tafki ke daskarewa har mota ta hau kai. Sai ka ga mutum ya huda ƙanƙara, ya zura kyamara a ramin, ya koma gefe yana kallon kifi a allo kamar mai kallon ƙwallo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan injin da suke ɗorawa a bakin ramin, mai juya kyamarar dama da hagu. Wani ma da tarkacen gida ya haɗa nasa. Na ce a raina, in dai tarkace ne ai shagona ne gidansa. (Ban tsaya na tambayi kaina inda zan samo ƙanƙara a Tudun Wada ba.)

Ana cikin haka matata Rabi ta dawo daga gidansu da labari marar daɗi. Mahaifinta, Baba Alhaji, yana da tafki a ƙarshen gonarsa inda yake kiwon tarwaɗa. Ya zuba 'ya'yan kifi da saukar damina, amma kullum aka watsa abinci sai ya ga masu tasowa suna raguwa. Babu matacce a saman ruwa, babu alamar cuta. Sai magana ta fara yawo cewa da hannun mutum a ciki, aka kuma fara kallon rugar Jauro, maƙwabcinsa na gona, wanda shanunsa ke bi ta wurin zuwa mashaya. Shi da Baba tun kafin a haifi Rabi suke tare. Baba bai zargi kowa da bakinsa ba, amma bai tsawata wa masu faɗa ba. Kindirmon da ake aiko masa daga ruga duk Juma'a ya daina zuwa.

Zan so in ce zumuncin dattawan nan biyu ne kaɗai ya sa na tashi tsaye. Yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Baba Alhaji mutum ne marar yawan magana. Tun da na auri 'yarsa, duk abin da na yi, ko buhun shinkafa na kai ko rediyonsa na gyara, sai ya yi kaki, ya shafa gemu, ya ce, "To, madalla." Shi ke nan. Amma in Yaya Nasiru ya zo, wato mijin yayar Rabi, ma'aikacin ofis mai mota da babbar riga, sai a baje tabarma a yi ta hirar duniya. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni a gidan, gaskiya. Ni dai ina da ƙishin in ji kalma ɗaya da ta wuce madalla.

Na shiga Kano na sayo irin 'yar kyamarar nan da kanikawa ke zurawa cikin inji, mai doguwar waya, wadda ruwa ba ya shiga, ana haɗa ta da wayar hannu. Na samo bututun roba na famfo, da tub ɗin tayar mota da zai riƙe komai a saman ruwa, da guntun katako. Saura abin da zai juya. Na gwada injin tsohuwar rediyo, ya yi rauni. Na gwada na goge gilashin mota, ya juya bututun da ƙarfi har ya kusa cire mini ido. Wata rana da azahar ina kwance, sai idona ya faɗa kan fankar cajin Rabi tana kaɗa kai, dama, hagu, a hankali kamar mai neman wani a cikin taro.

"Abban Sadiya, wane irin kallo kake yi wa fankata?" in ji Rabi.

"Aro zan yi, kwana biyu."

"Wadda Baba ya saya mini a kayan ɗaki? Duk abin da ya shiga shagonka ba ya fitowa da kamanninsa."

Ba ta yi ƙarya ba. Na cire fukafukan, na kwantar da kan fankar a katako, na ɗaure bututun a inda yake juyawa, na manne kyamarar a ƙasan bututun. Da na kunna, abin ya juya sumul, ba gaggawa ba tsayawa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Wata safiya Rabi ta tafi suna maƙwabta da yara, gida ya zama nawa. Na cika babban duram ɗinmu na roba da ruwa don gwaji. Garin ɗaga tub ɗin na jiƙe sharkaf, sai na tuɓe riga da wando na shanya, na jawo zanen Rabi daga igiya na ɗaura a ƙugu. (Atamfa ce ja mai manyan furanni, ankon bikin ƙanwarta, wanda duk matan gidan Baba Alhaji suna da irinsa.) Na danna ɗauka a waya don in ga ko hoton zai tsaya, na leƙa duram ɗin ina yi wa kyamara gwalo. Da na ga komai ya yi, na fito da na'urar na jingine ta a bango ban kashe ba. Murna ta ɗebe ni, na yi abin da na yi a tsakar gida. Za ku ji shi nan gaba, kamar yadda kowa ya ji.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gona. Ni na ce wa Baba a yi abin a tsakaninmu, amma kuma ni ɗin ne na yi ta ba kowa labari a shago da masallaci. Muka tarar da mutane cike da inuwar mangwaro. Yaya Nasiru ya zo da babbar rigarsa. Baba ya aika an kira Jauro, ya zo ya tsaya can gefe, ya rataya sanda a kafaɗa, ya gaisa da kowa a taƙaice. Mata suna daga baya wajen shingen gona, Rabi a cikinsu.

Na durƙusa na gaida Baba, sannan na shiga aiki. Na ɗora ƙaramin talabijin ɗin shagona a kan benci, na haɗa shi da batir, na haɗa shi da waya, na ƙure murya duk da ban san sautin me nake sa ran ji daga kifi ba. Baba ya dubi na'urar ya daɗe, musamman kan fankar. Na tura tub ɗin cikin ruwa da gora, na dawo na yi ɗan jawabi kan yadda ake yi a ƙasashen ƙanƙara. Rana tana haska fuskar wayar, ba na gani sosai. Na danna inda nake zaton nan ne.

Hoto ya fito. Ruwa garau, shuɗi, gwanin kyau.

"Ikon Allah," in ji wani dattijo. "Ashe haka cikinsa yake da haske?"

Ni ma na yi mamaki, don tafkin daga sama kamar kunun kanwa yake. Amma na gyara tsayuwa na ce, "Ai aikin na'ura ke nan, Baba."

Hoton ya juya dama, ya juya hagu. Sai ga fuskar mutum ta leƙo daga sama, idanu a waje, harshe a zare.

"A'uzu billahi!" Dattijon ya yi baya har hularsa ta faɗi. Wasu suka watse cikin dawa. Wata mata ta ƙwalla ƙara daga bayan shinge. Jauro ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam, don na gane fuskar. Kullum da safe ina ganinta a madubi.

Kafin in dawo hayyacina hoton ya girgiza, ruwa ya ɓace, tsakar gidana ta bayyana. Ga turmi, ga igiyar shanya, ga wandona yana ɗigar ruwa. Fankar ta juya a hankali, sai ga ni, ba riga, tumbi a gaba, ɗaure da jan zane mai furanni, na dogara tsintsiyar kwakwa kamar sandar dattijo. Na yi kaki, na sake yi, na shafa gemun da ba ni da shi. Muryata ta fito daga talabijin, na kumbura ta irin ta manya:

"Ni dama tun ranar da yaron nan ya zo neman aure na san akwai ƙwaƙwalwa a nan. Duk cikin surukaina babu kamarsa."

Na kai hannu in kashe, wayar ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin benci. Kyamarar ta juya ta nuna kaji suna kiwo, ta kuma dawo kaina kamar yadda na gina ta ta yi.

"Shi wancan na ofis, in ka cire babbar riga me ya rage? Rabi, Allah ya yi miki zaɓi. Kawo masa fura, ki sa masa nono da yawa."

Sai na ga kaina a allo na ajiye tsintsiya, na durƙusa a gaban turmi, na sunkuyar da kai, na amsa da muryata ta gaskiya: "Haba Baba, ai ba komai, yi wa kai ne."

A nan na fizge wayar batir.

Talabijin ya mutu. Sai na ji kukan kurciya, na ji fankar tana ci gaba da juyawa a kan ruwa. Wanda ya fara dariya Jauro ne. Ya yi ƙoƙarin danne ta da gefen rawaninsa, ta ƙwace, har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Daga nan kowa ya ɓarke. Na saci kallon shinge, babu Rabi. Yaya Nasiru ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya kau da kai. Da tafkin yana da zurfin kirki da na bi kyamarar.

Baba Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Malam, mun ga na gida. A nuna mana na ruwan."

Na ɗauko wayar daga ƙarƙashin benci, na sake haɗa talabijin da batir. Wannan karon abin da ya fito shi ne ainihin tafkin: laka, ja-ja, ba a ganin ko tsawon hannu. Ruwan Turawa a kwance yake ƙarƙashin ƙanƙara, namu kuwa kifi na dama shi dare da rana, ban taɓa tunanin wannan ba. Muka yi ta kallon duhu yana juyawa, mutane suka fara zamewa. Baba ya sa aka watsa abinci kusa da tub ɗin. Can sai ga gashin baki ya gifta, sai ga wani faffaɗan kai ya cika allon, baki a buɗe, ya kai wa kyamarar cafka har tub ɗin ya yi tangal-tangal.

"Wannan ba ɗan bana ba ne," in ji Baba a hankali. "Na bara ne. Ashe ba mu kwashe su duka ba, sun shige laka."

Manyan tarwaɗan da suka rage su ne ke cinye ƙananan. Baba ya miƙe, ya taka har inda Jauro yake zaune, ya miƙa masa hannu biyu. Ban ji abin da suka ce ba, kuma ba hurumina ba ne. Juma'ar da ta biyo baya kindirmo ya dawo.

Kada ku ɗauka wannan ya wanke ni. Har yau babu wanda ke tuna na'urata ta gano komai. Abin da ake tunawa shi ne zane. In na shiga Burumburum sai in ji an ce, "Ga aljanin duram nan." Rabi ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole, ranar da ta huce kuma ta kawo mini fura ta dire ta ce, "Ga shi, na sa nono da yawa." Zuwa gidan Yaya Nasiru ba da haƙuri shi ya fi komai nauyi. Ya karɓe ni da kyau, har ya raka ni bakin titi, wannan kuma ya fi zagi ciwo, don a ranar na gane mutumin bai taɓa ɗaukata abokin gasa ba. Ni kaɗai nake tserena.

Gidan Baba kuwa na ƙaurace masa har sai da ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa nesa, na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Abu biyu zan faɗa maka, Malam. Na farko, ni kaki ɗaya nake yi kafin magana, ba biyu ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Na biyu, abin da ka faɗa a kan ɗan'uwanka ba nawa ba ne, kada ka ƙara sa mini shi a baki. Amma yabon da ka yi wa kanka, da ka yi haƙuri da wata rana ka ji shi daga gare ni. Yanzu ka riga ni, in na faɗa sai a ce kwaikwayonka nake yi."

Na fito daga zauren ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na hau babur na yi tafiya mai nisa kafin in lura ban sa hulata ba.

Abin da na koya bai da yawa. Yabon da mutum ya matsu ya ji, in ya ƙagu ya yi wa kansa, to ya cinye rabonsa tun bai nuna ba. In kuma ya zama dole sai ka yi, ɗan'uwa, ka sa wandonka tukuna, ka kuma tabbata abin da ka ƙera da hannunka ba ya kallonka.