Koren Fenti a Kan Adakar Malam Brimah

"Lafiya lau, maigida. Ya gajiyar ɓarna?"

"Da sauƙi, amarya. Ja baya dai, kada ki faɗa gwangwanin nan a ce na yi kisan kai."

Kaka Mamunatu ke nan da jikanta Garuba, a tsakar gidansu da ke Zangon Kumasi. Garuba ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, gobe zai hau jirgin ƙasa. Tsohuwar ba ta da abin ba shi sai adakar katako ta marigayi mijinta, Malam Brimah mai goro. Shi kuwa gogan naka ya ce ba zai shiga gari da baƙar adaka a yi masa dariya ba, ya sayo koren fenti. Shafin farko ya ƙi zama sam, domin tun rasuwar Malam take goge katakon da man kaɗe. Sai da ya wanke da toka da ruwan zafi, ya kankare da fasasshiyar kwalba, sannan fenti ya kama. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta yarda ta nuna ba.

Ta zauna a kan turmi kusa da adakar, ta taɓe baki. "Wannan wace irin kala ce? Kamar miyar ganyen kontomire ta kwana!"

"Ke me kika sani a kala? Ba ke ce jiya kika gaida akuya kina tsammanin Hajiya Zuleha ce ba?"

"Ƙarya kake, mai kai kamar ƙullin goro! Adakar nan ta je Salaga a kan jaki, ta je Kano ta dawo, ba wanda ya raina ta. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"To shi ya sa ban sake ki ba har yau. Fenti ya rage, miƙo fuskar in yi miki shafi biyu, ko Allah zai sa a taya."

"A taya wa? Ni da masu shago ke layi a kaina tun daga kasuwar Kejetia! Kai ne dai mijin banza, za ka tafi ba saki, ba cefane."

"Zan aiko miki da kifi."

"Da waɗanne haƙoran zan ci?"

"Au, yau kin yarda babu su?"

Ta ɗaga mafici za ta kai masa, sai hannun ya sauka a hankali. Ta ƙura wa adakar ido.

"Ka kankare ƙamshin Malam duka, Garuba. Haka za ka je can ka kankare mu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Garuba ya ajiye buroshin. Tausayinta ya kama shi.

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, ta dafa murfin adakar. Da ta ɗaga hannu, ga tafinta nan da yatsu biyar sun fito raɗau a tsakiyar ɗanyen fentin.

"Innalillahi! Na ɓata maka aiki. Yi maza ka shafe kafin ya bushe."

Ya tsoma buroshi, ya kai shi daf da wurin, ya tsaya. Sai ya mayar da shi, ya danne murfin gwangwanin da dunduniya.

"Fenti ya ƙare."

"Kai maƙaryaci! Yanzu ka ce ya rage har da na fuskata."

"Na ce ya ƙare, amarya. Ɓarayin Takoradi in suka ga wannan mummunan hannu, wa zai kusanci kayana?"

"Samarin can za su yi maka dariya fa."

"Su yi. In ce musu na matata ne, ta hana ni kula kowa."

Kaka ta fashe da dariya har da hawaye, ta share da bayan hannu. Ta kwance mabuɗin adakar daga haɓar zaninta, ta danƙa masa, duk ya yi kore.

"Ungo, ja'iri. Ka ci ni yau. Amma in ka dawo min da ita ba tsaraba a ciki, kotun Sarkin Zango za ta raba mu."