Aikin Ɗalibaina Yana Gajimare

Ranar da sashenmu ya zauna zaɓar manhajar da 'yan aji ɗaya za su koyi rubuta kod da ita, ni na fi kowa baki. Malama Binta, wadda ta daɗe da riga ni fara koyarwa, ta ce mu ɗauki ƙarama mai aiki ba intanet.

Na gyara hula na ce, "Malama, duniya ta wuce nan. Yanzu komai a gajimare ake ajiye shi."

A ɗakina na Gwammaja na gwada tawa, ni kaɗai, tana gudu kamar ruwa. Ban kawo a raina cewa ɗalibai tamanin za su hau layi ɗaya lokaci guda ba. Ranar gwajin farko muka zuba wa kwamfutoci ido, 'yar da'ira tana ta juyawa har lokaci ya ƙare. A takarda suka rubuta kod ɗin, na yi sati ina dubawa da jan biro.

Tun da damina ta faɗi har yau, in hadari ya haɗo, Malama Binta takan leƙo ofishina ta ce, "Malam, fito da bokiti, aikin ɗalibanka zai sauko."