Injiniya Asabari

Ranar da na kai wa Kawu manhajar da na haɗa wa kemis ɗinsa, har sabon ɗinki na sa. Na tsaya gaban kantar shagon ina bayani kamar mai wa'azi, cewa duk wanda ba shi da suna da kalmar sirri, ko aljani ne, a waje zai kwana.

"Ƙofar ƙarfe ce, Kawu," na ce, har da bugun ƙirji.

Tsautsayi ya kawo 'yarsa Falmata, taubashiyata, wadda ta karanci tsaron kwamfuta. Ni da bakina na ce ta gwada.

A gurbin suna sai ta rubuta wani guntun umarni irin wanda rumbun bayanai ke ji, ta bar gurbin kalmar sirri fayau. Ashe manhajata duk abin da aka ba ta miƙa wa rumbun take yi, ba bincike. Sai ga allo ya buɗe: "Barka da zuwa, Alhaji." Ga sunayen masu karɓar magani, ga ciwon kowa.

Kawu ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙarfen ke nan?"

Wallahi na gode Allah da Falmata ce. A satin za mu ɗora manhajar a intanet saboda reshen kemis ɗin da ke Gadaka, kuma cikin sunayen akwai waɗanda ko iyalinsu ba su san larurarsu ba. Ta zauna muka toshe kafar tare.

Sai dai taubashi ba ya taimako kyauta. Har yau in na yi sallama a gidanta, daga ciki take ɗaga murya: "Shigo, Injiniya Asabari, ba sai da kalmar sirri ba!"