Tuffar da ke Ƙarƙashin Gadon Kaka

"Lafiya lau, sai kewar amaryar da ta gudu ta bar ni," Kaka ya amsa gaisuwar jikarsa, yana ƙare mata kallo. Ƙaramin ciki gare ta, duk ta zabge, an ce ko ruwa ta sha sai ya dawo.

"Wa zai zauna da ango mai haƙori huɗu?" ta ce, ta zauna a bakin gado.

"Biyar ne, ƙirga da kyau. Shi mijin naki mai talatin ɗin ga yadda ya mayar da ke, iska ma sai ta ɗauke ki."

"Ba laifinsa. Abu mai ɗan tsami raina ke so, lemun tsami kuma ƙirji yake ƙona min."

Kaka ya dubi ƙasan gadon. A ƙarƙashin gadon nan, inda siminti ke da sanyi, akwai akwatin katakon da ya hana kowa taɓawa. A cikinsa akwai 'ya'yan ƙarshe na bishiyar tuffar da marigayiya matarsa ta dasa, wadda iska ta kayar wata uku da suka wuce. Shi kansa bai iya cin ko ɗaya ba. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo akwatin.

"Tsoho, yanzu kiwon tsofaffin jaridu ka koma?"

"Kwance ɗaya, sarkin surutu."

Ta warware takardar. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ja ce da ratsin kore, fatar sumul.

"Ikon Allah! Ta bishiyar marigayiya? Wata uku, ba firiji?"

"Ba a wanke su, kowace da mayafinta, ba mai taɓa 'yar'uwarta. Duk mako ina dubawa, mai tabo in fitar da ita."

"Da haka ka riƙe ni ai da ban gudu ba. Miƙo wuƙa in fere."

"Ki fere me? Amfanin yana jikin ɓawon, shi ke gyara ciki. Wanke ki ci, 'yar ƙauye."

Ta wanke ta gatsa, ƙaras! Zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo baya, ta lumshe ido. Kaka ya kasa zama, idonsa na kan bokitin da ke bakin ƙofa. Ta cinye har kusa da ƙwaya. Suka jira. Shiru, ba abin da ya dawo.

"Kaka, ta zauna," ta ce a hankali, idonta ya ciko. "Kwana shida rabon da wani abu ya zauna min."

Ya juya kai yana gyaran murya.

"Ango, na tuba. Ƙara min ɗaya in dawo ɗakina."

"Wa zai karɓi amarya mai cinye dukiyar miji?"

Ya yi dariya har haƙoran biyar suka bayyana, ya tura akwatin gabanta da ƙafa.

"Ba ke na ba ba, na cikin na ba. Ki gaya masa saƙon kakarki ne."